Direban Tunkuza

Duk abin da ya faru laifin malaminsu Mushe Seyni ne, ko da yake shi har gobe a matsayin nasara yake ba da labarin. An tura shi wani ɗan horo Dosso a lokacin hutu, ya dawo Gaya da sabuwar jaka mai tambari da wata hikima da ya rantse za ta fitar da ɗaliban lisen nan, wato babbar sakandaren garin, daga duhu. Hikimar ita ce fim na 'yan tsana. Ka ƙera ɗan mutum, ka ɗauke shi hoto da wayar salula, ka gusa hannunsa kamar faɗin ƙwayar gero, ka sake ɗauka, haka dai har bayanka ya ƙage. In aka jera hotunan aka sake su da gudu, sai ka ga abin yana tafiya da ƙafarsa. Ya yi wannan bayani da dogon Faransanci, ya maimaita da gajeriyar Hausa, ya raba aji rukuni-rukuni, ya ce ranar bikin rufe shekara za a haska wa iyaye a majigi.

Nuriya ta faɗa rukuni ɗaya da Zahradeen da Mumuni. Zahradeen ke da salula mai ɗaukar hoto da kyau, wadda yayansa ya aiko masa, don haka tun kafin a zauna ya naɗa kansa shugaban fim. Mumuni ɗan Tanda ne, yana zaune gidan kawunsa saboda karatu, kuma abin da aka fi saninsa da shi shi ne ba ya barin shaida a kwano. Labarin fim ɗin aka bar wa Nuriya, domin a ganin mazan nan biyu shi ne aikin da ba ya buƙatar ƙwaƙwalwa.

Ita kuwa labarin yana ranta tuntuni. Babanta Alfari direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, mai ɗaukar albasa zuwa Kwatano ya dawo da kayan teku. Ƙaton mutum ne, in zai shiga zaure sai ya karkata kafaɗa, agogon ƙarfen da ke hannunsa har shata yake bar masa a fata. In ya yi dariya a ƙofar gida, maƙwabta sun san mota ta iso lafiya. Tun da aka rufe gadar Malanville ta kan iyaka motar take tsaye a tasha, tayoyinta suna lotsewa. Kullum da safe yakan yi wanka ya sa riga ya fita kamar mai lodi, ya zauna a inuwar motar tare da sauran direbobi suna gyara siyasar duniya, ya dawo da magariba. In matarsa Inna Fatuma ta kawo tuwo sai ya ce a ƙara wa yara, shi ya ci a tasha. Dariyar nan kuwa ta tafi, ba wanda ya san ranar da ta bar gidan.

Abin da Nuriya take so ɗaya ne. Tana so babanta ya zauna a gaban jama'a ya ga kansa a bango, ƙato kamar yadda yake, yana tuƙa mota yana ƙetare gada, ko Allah zai sa ya yi dariyar nan ko da sau ɗaya ne. Ba ta gaya wa kowa wannan ba. Ta dai ce musu labarin wani direba ne da ya je Kwatano ya dawo ya ɗauki 'yarsa ya ɗaga sama.

"Shi ke nan labarin?" in ji Zahradeen. "Ba faɗa, ba 'yan fashi?"

"In ka samo mana 'yan fashin da za su tsaya cik ka ɗauke su hoto, sai mu sa su," in ji ta.

Mota ba ta ba su wahala ba, gwangwanin sardin ne da murafen kwalba. Gada ta kara ce, kogi kuma wani tsohon mayafin Nuriya mai shuɗi. Direban ne ya ƙi. Mumuni ya ɗebo laka daga bakin kogi, suka ƙera mutum mai kyan gani, zafin Gaya ya busar da shi kafin a gama saita salula, da aka ce ya ɗaga hannu sai hannun ya zo wa Mumuni a tafi. Suka gwada kwaɓin fulawa, washegari suka tarar direba ya kumbura ya yi tsami. Mushe Seyni ya ce a Dosso da wata roba mai laushi ta Turawa aka koya musu. Da aka tambaye shi inda ake samunta sai ya ce ai fasaha ita ce mutum ya yi da abin da ke gabansa, ya saɓa jakarsa mai tambari ya wuce.

A gida Nuriya ta samo mafita. Tun da mota ta tsaya Inna Fatuma ta koma matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli, da shi gidan yake tsaye. Nuriya na taya ta murza tunkuza, wato curin gyaɗar da ya rage bayan an matse mai, sai ta ga abin yana lanƙwasuwa yadda aka so, ba ya tsagewa, in ya fara bushewa ka shafa masa ɗan mai ya dawo. Ta roƙi curi guda.

"Abincinmu za ki kai lakkwal ki yi wasa da shi?" in ji Inna Fatuma.

"Karatu ne, Inna."

"Karatun yanzu har da tunkuza." Ta dai yanko mata, mai kauri ma.

Nuriya ta ƙera babanta da hannunta. Ta ba shi faɗin kafaɗa da wuya da tumbi kaɗan, ta yi masa hula da murfin man goge baki, ta naɗa masa zaren azurfa na cikin kwalin sigari a hannu ya zama agogo. Zahradeen ya dube shi ya ce shi fa zuciyarsa ba ta kwanta da ƙera mutum-mutumi ba. Mumuni ya sunsuna ya ce wannan ai abinci ne, ba wanda ya taɓa hana a yi wa abinci hannu da ƙafa. Fatawar ta gamsar da kowa.

A ɗakin ajiyar karyayyun bencina suke aikin, bayan an tashi daga aji, daidai lokacin da kowane mai hankali yake gida gaban kwano. Ɗakin ƙarami ne, ga zafi, ga ƙamshin soyayyar gyaɗa ya cika shi. In sun gama sai su sa direban a gwangwanin madara su rufe ruf su ɗora dutse, saboda ɓeraye. Sun yi wa ɓeraye shiri mai kyau ƙwarai, kuma a gaskiya ko ɓera ɗaya bai taɓa shi ba.

Mumuni ne mai gusa direba tsakanin hoto da hoto. In ya lallaɓa kafaɗar, ɗan abin da ya maƙale masa a yatsa ba zai goge a wando ba, ai almubazzaranci ne. Zahradeen kan zo ya duƙa ya ce tumbin nan yana tare masa haske, ya mintsine kaɗan, kuma abin da aka mintsine ba a taɓa ganin inda ya faɗi ba. Nuriya, mai kishin direba, mai hararar duk wanda ya matso kusa da shi, ita ta baya take ɗiba, wajen da salula ba ta gani, in mazan sun fita shan ruwa. Ɗan kaɗan ne, abin da bai kai a yi magana ba. Kowannensu ya ɗauka shi kaɗai ne mai wannan wayo.

Ƙa'idar aikin kuwa ita ce kafin a ɗauki sabon hoto a dubi na bayansa, a tabbata ba abin da ya goce. Suna dubawa da gaske. Hoton yanzu da na ɗazu kullum iri ɗaya suke, sai dai hannu ya ɗan gusa. Ba wanda ya yi tunanin ya koma can farko ya duba.

Ranar ƙarshe Nuriya ta kawo sabon curi ta ƙera 'yar direba, daidai girman da take ganin ya dace da uban da ta ƙera tun farko. Da ta ajiye ta kusa da shi sai ta ga yarinyar ta yi wani irin girma.

"Ba ku ga kamar ya faɗa ba?" ta tambaya.

"Mai ne ya tsiyaye," in ji Mumuni, yana kallon rufin ɗaki.

"Ita ta fi kusa da salula, shi ya sa," in ji Zahradeen. "Wanga ilimin hoto ne, ki bar ma masu shi."

Ta bar wa masu shi. Zahradeen ya tafi da salularsa don ya jera hotunan, ya ce babban mai fasaha ba ya nuna aiki sai ya nuna. Daga ranar ya daina haɗa ido da ita a aji, ita kuma ta ɗauka girman kai ne ya ƙaru, abin da ba sabo ba ne a wurinsa.

Shawo kan Alfari ya zo bikin ya fi ƙera shi wuya. Ya ce me direban da ba ya tuƙi zai je yi cikin manyan mutane. Ta roƙa, ta sa Inna ta roƙa, ta ce akwai abin da ta yi domin shi. Ranar bai je tasha ba, ya fito da shaddarsa ta sallah, wadda Nuriya ta ga kamar ta yi masa yawa, ta ce a ranta guga ne bai kama ba.

Da la'asar aka yi, a babban aji, an toshe tagogi da tabarmi. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke daidai lokacin da ya saba, aka tada gurup, injin ba da wuta, daraktan makaranta ya yi jawabin da ya kusa shanye man. Rukunin farko sun yi fim kan wanke hannu da sabulu, inda murafen kwalba suka yi ta zagaya wani guntun sabulu har aka gaji aka tafa. Na biyu sun yi kan tsaftar muhalli, leda ta tashi da kanta ta shiga kwandon shara, wata tsohuwa a baya ta ce da haka ledar Gaya take da an huta. Sai aka kira nasu. Nuriya ta waiga ta hango babanta a layin baya kusa da ƙofa, ya ɗora hannaye kan gwiwa.

Ga direba a bango, ƙato, ya cika gwangwanin sardin har kafaɗarsa na fitowa ta taga. Wani direba cikin iyaye ya ce, "Wanga ai Alfari ne," aka yi 'yar dariya mai daɗi, irin wadda take so. Mota ta tashi tana rangaji, ta hau gadar kara. Kafin ta kai tsakiyar gada tumbin ya tafi. A Malanville kafaɗu suka zube. Kan hanyar Kwatano wuyan ya zama tsinke, agogon azurfa ya sulale ya koma gwiwar hannu, hula ta faɗo ta rufe ido ɗaya, sannan ta rufe duka fuskar. Mutum yana narkewa a gaban jama'a kamar sabulu a ruwa, yana kuma ta ɗaga hannu yana gaida mutanen hanya cikin fara'a. Da ya dawo gida, abin da ya fito daga motar bai fi ashana mai hula ba. 'Yarsa ta taho da gudu, sabuwa fil, mai ƙiba da sheƙin mai. Ya miƙa hannu zai ɗaga ta sama kamar yadda labari ya ce, amma duk mai ido ya ga ita ce ta tallabe shi.

Ajin ya kece da dariya. Yara suna dukan benci, manya suna share hawaye. Nuriya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta kawo babanta gaban mutanen gari da hannunta ta mayar da shi abin dariya. Ta kasa waigawa.

Mushe Seyni, wanda shi ma ranar ya fara ganin fim ɗin, ya tashi yana tafi shi kaɗai har sai da aka taya shi. Ya kira su ukun gaban allo, ya ce kamar yadda ake yi a Dosso, kowane ɗalibi zai faɗi abin da ya koya daga aikin.

Mumuni ya haɗiye miyau ya ce shi ya koyi haƙuri da riƙon amana.

Zahradeen ya gyara wuyan riga. Mutumin da ya kwana biyu yana ɓuya ya ga an tafa, nan take ya warke. Ya ce tun farko nufinsa ke nan, ya nuna yadda rufe gada ke cin direbobinmu a tsaye, kuma bai gaya wa abokan aikinsa ba ne don kada su ruɗe. Ya ce ya sha wuya ƙwarai wajen rage direban daidai gwargwado.

"Wuyar kam mun ga ka sha ta," in ji Nuriya a hankali.

Mushe Seyni ya karɓe zancen. Ya ce wannan shi ake kira fasaha mai saƙo, ya ce ko a Yamai ba a kai nan ba, ya ce shi dama ya hango hakan tun ranar da ya hana su robar Turawa. Dariya ta mutu a ajin, iyaye suka fara gyaɗa kai, direban nan da ya fara gane Alfari ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin da ke hannunsa.

"Ke fa, Nuriya, mi kika koya?"

"Na koyi a riƙa cin abinci kafin a fara aiki, Mushe."

Ya auna maganar, sannan ya ce kun ji zurfin tunani, ya juya ya rubuta ta a allo da Faransanci. Da ta samu ta dubi layin baya, kujerar babanta ba kowa.

A gindin dogonyaro ta same shi, bakin ƙofar makaranta, yana tsaye yana kallon 'yan kabu-kabu. Ta zo ta tsaya gefensa.

"Baba, ku yi haƙuri. Ba haka na so ba."

"Ke kika ƙera shi?"

"Ni ce."

"Har da agogon." Ya ɗan murmusa. "Ni na zaci ba wanda ya lura, Nuri. Innarki ma ban ga alamar ta gane ba. Ashe ke kina kallo."

Ya ɗaga hannu zai gyara hula, agogon ƙarfen ya sulale daga wuyan hannunsa ya tafi har kusa da gwiwa, ya mayar da shi da ɗayan hannun kamar abin da ya saba yi. Nuriya ta dube shi. Ta dubi wuyan da ke yawo cikin wuyan shadda, da ƙasusuwan kafaɗa da rigar ta rataya a kansu, da kumatun da suka shige ciki. Kullum tana ganinsa, safe da magariba, kuma kullum kamar na jiya yake. Ba ta lura da komai ba. Ta zauna tana ƙera ƙaton da ke cikin kanta, na gaban idonta yana ƙarewa.

Ta buɗe baki za ta gaya masa gaskiya, cewa ba saƙo ba ne ba komai ba, cinye shi suka yi saboda yunwa, har da ita. Sai ta tuna tuwon da ake ƙara musu kowace magariba, da yadda take miƙa kwano ba tare da ta tambayi wane ne mai dafa abinci a tasha ba. Kunya da tausayi suka kama ta, ta fasa.

"Kar ki faɗa ma innarki," in ji shi. "Tana da abin da ya ishe ta."

Suka taka zuwa gida. A hanya Mumuni ya wuce su a bayan kabu-kabu, rungume da gwangwanin madara, wai zai adana kayan tarihi.

Bayan sallar magariba Inna Fatuma ta kawo tuwo da miyar kuka ta ajiye gaban tabarmar maigida, ƙannen Nuriya suka matso da kwanoninsu tun kafin a kira su, don sun san yadda ake yi.

"A ƙara ma yara," in ji Alfari. "Na ci a tasha."

"Yau ba ku je tasha ba, Baba," in ji Nuriya.

Ta kori ƙannen da ido, ta ɗauko nata kwanon ta ajiye kusa da nasa, ta zauna ta naɗe hannu. Ya ce ta ci mana. Ta ce ita ma ta ci a lakkwal. Inna Fatuma, da ke tsaye da ludayi, ta dubi mijinta ta dubi 'yarta, ta juya ta shiga madafa ta daɗe ba ta fito ba.

Tuwon ya fara hucewa. Alfari ya dubi yarinyar ya ga ba ta da niyyar motsawa. Ya ja numfashi, ya zare agogon ba tare da ya ɓalle shi ba, ya ajiye kan tabarma, ya jawo ruwan wanke hannu. Sai da ta ga ya kai loma ta uku sannan ta sa hannu a nata.